Ranar da Na Wanke Karatun Yaya Nafisa

Tun da muka dawo daga Kwatano ban huta ba. A aji Rukayya ta tsare ni, a bakin famfo Zainabu ta tare ni, har malaminmu na lissafi, wanda bai taɓa riƙe sunana Shafa ba, sai da ya tsayar da ni a ƙofar ofis ya ce wai da gaske ba a hango ƙarshen teku? Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk lokacin da na maimaita sai igiyar ruwan ta ƙara tsawo. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda. Gishirin da na ƙara kaɗan ne. Wurin da na yi abin kunya kuwa ban rage komai ba, don Inna tana nan da ranta, za ta ƙaryata ni.

Inna kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Mu muna Bungudu, ita tana Rawayya da shanunta da ƙoren nononta. Ita ta raini babbar yayata, Yaya Nafisa, wadda ta samu tallafin karatu ta tafi wata jami'a a Kwatano tana nazarin halittun teku. A gidan Kawu Lawali take zaune, ƙanen Mama da ke kasuwanci a can. Da ƙaramar Sallah ta bugo waya ta ce ba za ta samu zuwa ba, tana jiran abin da take kiwo ya yi ƙwai. Da babbar Sallah ta gabato ta ce yanzu an yi ƙwan, jira take a ƙyanƙyashe. Inna ta karɓi wayar ta ce:

"Ƙwan mi? Mu nan ba mu da kaji?"

Yaya ta fara bayani, Inna ta miƙa wa Baba wayar ta ce ya nemo mata fasfo, za ta je ta ga ƙwan da ya fi ta daraja. Baba ya yi mako guda yana lallashi, bai ci nasara ba. Aka ce ni zan raka ta tunda muna hutu, in riƙa karanta mata allunan hanya. Na ji Baba yana gaya wa Mama cewa ko ba komai gidan zai samu sararin kwana goma.

Ana gobe za mu tashi matan Rawayya suka cika ɗakin Inna da saƙonni. Wannan tana son atamfa, waccan tana son turare. Hajiya Tumba, maƙwabciyar Inna da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko'ina, ita ruwan teku ta ce tana so. An gaya mata in an shafa yana sassauta ciwon. Inna ta dafa ƙirji ta ce in Allah ya kai ta, da hannunta za ta ɗebo. Ku riƙe wannan alkawarin, zai dawo.

Kayan Inna kuwa kamar mai ƙaura: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, da wata 'yar gora ta roba cike da kindirmo, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan ba na sha ba ne, iri ne. Wanda bai taso gidan nono ba, ga yadda abin yake: in ka dafa madara ta huce, sai ka ɗiga ɗan tsohon kindirmo a ciki ka rufe, kafin gobe duk ƙwaryar ta kama. Inna ta ce irin nata daga hannun uwarta ya fito, bai taɓa yankewa ba, kuma jikarta ba za ta ci gaba da shan nonon kanti ba tana raye.

Muka kwana a Gusau wurin ƙanwar Mama, da sassafe muka shiga babbar mota. Kusa da ni wani mutum ne mai sayar da albasa, tun daga tasha yake ba da labarin yadda ya taɓa korar mutum bakwai da sanda ɗaya. Muna wuce Tsafe motar ta yi tsit. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Direba ya kashe rediyo, kowa ya riƙe carbinsa, jarumin albasa ya zame a kujera har hularsa kawai ake gani. Inna ce kaɗai ta buɗe ƙullin gyaɗa tana ɓarewa. Sai da muka hango Funtuwa aka fara tari, aka fara gaisawa kamar yanzu aka haɗu. Mutumin ya miƙe zaune ya ce shi barci ne ya ɗauke shi. Inna ta ce ta gani, barci mai karanta Ayatul Kursiyyu.

Daga nan tafiya ce kawai, Zariya, Kaduna, ƙafa ta kumbura, baya ya sandare. A Lakwaja aka tsaya cin abinci, na ga kogi na ce wa Inna mun iso teku. Ta sauko da buta za ta cika alkawarin Hajiya Tumba, sai da yaron mota ya rantse mata cewa ko rabin hanya ba mu yi ba. Ta ja kunnena har cikin mota.

Legas ba gari ba ne, kasuwa ce da ta ƙi tashi. Kowa gudu yake, kuma ban ga mai bin su ba. Kawu Lawali ya zo ya tarbe mu, muka kwana a gidan wani abokinsa a Agege, ɗaki ɗaya da buhunan citta. Na yi atishawa har na manta sunana. Washegari muka kama hanyar iyaka.

A iyakar Seme ne irin Inna ya yi suna. Wani jami'i mai farar riga da aka goge ta har tana ɗaukar ido ya duba fasfo, ya duba katin rigakafi, sannan ya ce a buɗe kaya. Ya shinshina kuka ya yi tari. Ya shinshina daddawa ya ja da baya taku biyu. Da ya kai hannu kan gorar, Inna ta ce da Kawu ya gaya masa ya bi a hankali, abin ya kwana biyu cikin zafi. Kafin Kawu ya gama juya maganar zuwa Faransanci, mutumin ya murɗe murfin. Ban san kindirmo yana da ƙarfin haka ba. Ya tashi sama kamar an harba shi, ya sauka a rigar, da gemun, da littafin da ake buga hatimi. Na cusa mayafi a baki don kada in yi dariya, dariyar ta fito ta hanci. Kawu ya yi ta ba da haƙuri, abokan aikin mutumin kuwa har da mai riƙe ciki. Shi ma daga baya ya lashi leɓensa ya ce abin da daɗi, mu wuce.

Ni na ɗauka Inna za ta yi kuka, don abin da ya rage a gindin gorar bai fi cokali biyu ba. Ta leƙa, ta rufe, ta mayar cikin tsumma.

"Iri ba ya son yawa," in ji ta. "Rai gare shi. In ya samu wuri, shi ka cika shi da kansa."

Kwatano ta ba ni mamaki ta inda ban zata ba. 'Yan acaɓa duk riga ruwan ɗorawa suke sawa kamar 'yan makaranta ɗaya. Mata da zanensu da ɗankwalinsu suna tuƙa babur, wata har da goyo. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, na zaci zuma ce. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kuma da shi za a iya daka. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, an gama. Inna ta tsayar da matar da ke sayar da kifi a ƙofar gidan Kawu tana tambayarta gajiya da iyali da ruwa da dabbobi, matar ta juya ta tambayi Kawu ko wani ne ya rasu. Abinci kuwa wani farin tuwo ne mai tsami da suke naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, da barkonon da in ka ci za ka tuna duk laifin da ka taɓa yi. Inna ta ci loma ɗaya ta kwance ƙullin kuka.

Yaya Nafisa ta rame, ta yi baƙi, amma da ta ga Inna sai ta koma 'yar shekara biyar. Inna ta bar ta ta gama kukan murna sannan ta ce to, a kai ta wurin ƙwan.

Wurin aikin ɗan ɗaki ne a bayan wani gini kusa da bakin ruwa, mai baƙaƙen labule da akwatunan gilashi cike da ruwan teku. Kafin mu shiga muka biya ta gaɓa. Ni dai na saki baki ina kallon teku. Inna ta tsaya daga nesa da gorar da ta tanada don Hajiya Tumba. Ta yi taku uku, igiya ta taso da ruri, ta yi taku goma da baya. Ta ce ruwan da ba ya zama wuri ɗaya ba shi da tarbiyya, za ta dawo in ya kwanta. Yaya ta ce ba ya kwanciya. Na ce in ɗebo mata, ta ce da hannunta ta yi alkawari.

A cikin ɗakin Yaya ta nuna mana wani akwati mai yashi a ƙasa. Na duba ban ga komai ba sai idanu biyu a cikin yashin suna kallona. Ta ɗan taɓa yashin da tsinke, sai ga wata 'yar halitta ta taso, ba ta fi dabino ba, kai kamar ƙwallo, idanu manya, hannuwa birjik a gaba, ga wasu 'yan fukafukai biyu tana kaɗawa kamar kunnuwa. Ta canja launi a gabanmu, ta koma ta binne kanta, har tana sa hannu biyu tana watsa yashi a ka kamar mai gyara lulluɓi. Yaya ta ce Turawa suna kiran danginsu sikwid, wannan ƙaramin nau'i ne mai guntun jiki, masunta ne suka kamo mata. Inna ta ce ba za ta iya wannan suna ba, ta sa mata Ta-yashi.

"To wagga aba ce ta hana ki Sallah biyu?"

Yaya ta zaunar da mu ta yi bayani, ni kuma zan faɗa yadda na gane. Ta-yashi da rana barci take a yashi, in duhu ya yi ta fito farauta. Matsalarta ita ce in akwai farin wata, manyan kifayen da ke ƙasa suna hango inuwarta a sama su cafke ta. Sai Allah ya yi mata wata 'yar jaka a ciki, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, masu ba da haske. Ita tana ciyar da su, ta ba su masauki, su kuma su haska cikinta daidai da hasken da ke saukowa daga sama, inuwar ta ɓace. Kullum da asuba sai ta fesar da mafi yawansu cikin ruwa, 'yan kaɗan da suka rage su hayayyafa, kafin magariba jakar ta sake cika. Kuma ba sa haske sai sun yi yawa wuri ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'ya'yan ba a haifarsu da ƙwayoyin. Da jaka wayam suke fitowa, sai sun tsinto su daga ruwa, kuma cikin dubban ire-iren ƙwayoyin da ke teku wannan kaɗai suke buɗe wa ƙofa.

Inna ta ce, "Ashe iri ne. Ta zubar, ta rage na gobe."

Yaya ta ce wallahi malamarta ma ba ta taɓa faɗarsa a gajarce haka ba.

Aikin Yaya na shekara biyu a kan wannan ya tsaya. Ƙwan Ta-yashi suna wani akwati dabam, cikin ruwan da aka tace babu ƙwaya ko ɗaya. Ranar da suka ƙyanƙyashe za ta ba rabinsu ruwan akwatin uwar, rabi ta bar su haka, ta auna ta rubuta. Lallai sai ƙwayoyin uwar, don a kansu ta yi duk awon baya. In wannan ya yi, ta gama. In bai yi ba, sai masunta sun sake samo wata, kuma sun ce sai bayan damina, lokacin tallafin karatunta ya ƙare. Ta ɗaga yatsa ta ce kada wanda ya taɓa akwatin nan. Ni ta kalla. Inna ta ce ai gara ta ja mini kunne, hannuna ba ya zama.

Kwana biyu muna zuwa tare da ita. Inna ta samu madara a unguwar Zango ta ɗiga cokalinta biyu, kindirmo ya kama, gidan Kawu aka yi ta santi. Na lura ta daina maganar ruwan Hajiya Tumba, kuma ta daina ba ni jakarta in riƙe. Ko alwala za ta yi, jakar na hammata. Na ɗauka tsoron ɓarayin birni ne.

Rana ta uku muka tarar Ta-yashi ta mutu. Yaya ta ce haka suke, in sun gama ƙwai ba sa daɗewa, ta san za a yi. Amma sai da ta share hawaye. Ta ɗauke ta ta sa a wata kwalba mai ruwan magani da ke hana ruɓewa, wanda kuma ke kashe duk wani abu mai rai. Malamarta, wata gajeriyar mata mai tabarau da kowa ke ce wa Madam, ta zo ta duba ƙwan ta ce yau za su fito. Suka tafi cikin jami'a ɗauko wasu kaya. Yaya ta nuna mini bokitai uku a bakin ƙofa ta ce in ina son taimako in wanke su. Inna ta shimfiɗa ɗankwali a inuwa ta kishingiɗa.

Ga inda nake so ku yi mini adalci. A gidanmu in kaza ta mutu a akurki, ba a kwana sai an share shi an zuba toka. In akuya ta mutu, a canja turke. Tun ina ƙarama ake ce mini ƙazama, mai gudun wanke-wanke. Na gama bokitai, na dubi akwatin marigayiya, ruwan ya ɗan yi duhu, ga ɓawon jatan lande a yashi. Na ce yanzu Yaya za ta dawo ta gan shi ta sake kuka. An ce kada a taɓa, amma ai don mai ɗakin tana ciki ne, yanzu kuwa ta tafi. Akwai wata takarda manne a jiki da jan rubutu, da Faransanci. Na ɗauka sunanta ne.

Na kwashe ruwan bokiti-bokiti na zuba a kwata. Na zubar da yashin. Na sa soso da sabulu na dirje gilashin har yana ƙara, na ɗauraye sau uku, na kife shi a rana. A rayuwata ban taɓa wanke abu da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Har na zauna ina tsara yadda zan amsa yabo.

Da Yaya ta shigo ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta tsaya ta dubi wurin da akwatin yake, ta dubi akwatin a rana yana walƙiya, ta ajiye kwalin da ke hannunta a hankali, ta zauna a ƙasa. Madam ta cire tabarau ta faɗi wata kalma ɗaya da ban nemi fassararta ba.

"Shafa," in ji Yaya, "ina ruwan?"

Na nuna kwata.

Ta ce jan rubutun nan cewa ya yi kada a zubar. Ta ce waɗanda ta taɓa ajiyewa a firiza sun lalace tun wata ɗaukewar wuta da aka yi, shi ya sa take tsaron akwatin kamar ranta, yau ma kayan da za ta sake ajiye wasu ta je ɗaukowa. Na ce ga teku nan cike da ruwa, in ɗebo mata ko tanki ne. Ta ce na teku ba na Ta-yashi ba ne. A nan na gane abin da na yi. Shekara biyu, Sallah biyu, ramar da ta yi, duk na bi da soso. Na so ƙasa ta buɗe, ko a mayar da ni hanyar Tsafe in sauka in tafi da ƙafa. Kamar da gayya, Madam ta leƙa ɗaya akwatin ta kira Yaya. Ɗa na farko ya fito daga ƙwai, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, da idanunsa da komai, yana yawo yana neman abin da na zubar.

Inna duk tana bakin ƙofa, jaka a hammata. Ni jira nake ta fara da ni, don a irin wannan ba ta da na biyu. Ko kallona ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon silin. Can ta yi gyaran murya ta tambayi Yaya wai wannan ruwan da ake makoki a kai, da yawa ake so? Yaya ta ce ko rabin kofi ne. Inna ta sake tambaya, in ya kwana ɗaya fa? Yaya ta ce in bai sha rana ba, kuma bai taɓa sabulu ba, da sauran rai. Ta ɗago kai a hankali.

"Inna, me ya sa kike tambaya?"

"Ki ce ma matar ga ta ɗan ba mu wuri."

Madam ba ta fita ba, don ba wanda ya fassara mata. Inna ta juya mata baya, ta buɗe jaka, ta fito da wani abu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Gorar Hajiya Tumba ce, cike har wuya.

Ta ce jiya da hantsi, da Yaya ta fita amsa kira ni kuma ina waje ina tsokanar ƙadangaru, ta duba ta ga ga ruwan teku nan a akwati, mai hankali, ba ruri ba tsalle. Ta ce ai duk teku ce, kuma ɗan abin da ta ɗiba ba zai rage komai ba. Yaya ta tambaye ta da me ta wanke gorar. Inna ta ji haushi.

"Sabulu? Ni? Kin taɓa ganin na sa ma ƙwaryar nono sabulu? Da ruwan na ɗauraye ta sau ukku, na naɗe, ban bari ta ga rana ba."

Na buɗe baki zan tuna mata wanda aka ce hannunsa ba ya zama, ta dube ni, na rufe.

Yaya ta karɓi gorar da hannu biyu kamar jariri. Madam da aka yi mata bayani ta kama hannun Inna tana girgizawa tana zuba Faransanci, Inna tana cewa a gaya mata ita ba halinta ba ne, larura ce. Suka raba 'ya'yan cikin 'yan ƙananan kwalabe yayin da suke fitowa, rabi aka ɗiga musu ruwan gorar. Yaya ta shafa ɗigo ɗaya a wani ɗan faranti mai murfi. Ta ce ba za a san komai ba sai gobe.

Ban ci abincin dare ba, kuma ku da kuka san ni kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaya ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai in yi addu'a. Na yi wadda na iya, har da ta shiga kasuwa.

Da hantsi muka koma. Akwai wata na'ura kamar ƙaramin akwatin rediyo, ana sa kwalba a rufe, ita ke ganin hasken da ido ba ya gani, don na jariran bai kai a gani ba. Yaya ta fara da waɗanda ba a ba ruwan ba, lambar ba ta motsa ba, ta ce haka ake so. Ta ɗauki na farko cikin waɗanda aka ba. Ta rufe, ta danna. Lambar ta yi tsalle ta hau. Na biyu ma haka. Na uku bai yi ba. Na huɗu ya hau, na biyar ya hau. Yaya ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na girgiza, na kasa gane kuka ne ko dariya. Ni kuwa na zauna a kan bokiti.

Madam ta ja baƙaƙen labulen ta kashe fitila, ta ce mu jira idonmu ya saba. Da rana tsaka muna tsaye cikin duhu. Can sai ga farantin nan a tafin Yaya, ɗigo-ɗigo, wani haske tsakanin shuɗi da kore, ba zafi ba hayaƙi. Daga ɗigon ruwa ɗaya. Sai muryar Inna daga bayana:

"Ya kama."

Saura alkawarin Hajiya Tumba, tunda Yaya ta ƙi mayar da ko ɗigo. Inna ta ce ita da teku sun gama magana, wadda ta jawo asarar ita za ta biya. Na tuna mata cewa da hannunta ta ce. Ta ce ni jikarta ce, hannuna nata ne. Na naɗe zane na shiga da sabuwar gora. Igiyar da ta zo, a aji na ce ta kai bene mai hawa biyu. Gaskiya ta kai ƙirjina. Ta kwashe ƙafafuna, ta juya ni kamar waina, ta tofo ni a gaɓa da yashi har cikin kunne, takalmi ɗaya ya tafi ƙasar waje ba fasfo. Amma gorar na hannuna, cike. Inna ta karɓa, ta duba, ta ce na Ta-yashi ya fi tsabta.

Mun dawo lafiya, hanyar Tsafe ma lafiya, alhamdu lillahi. Hajiya Tumba ta ce gwiwar ta yi sauƙi, ni ban sa baki ba. Na gwada gaya wa Mama cewa ilimi ya nuna yawan wanke-wanke yana kashe iri, ta miƙo mini tukunyar tuwo.

Makon jiya Yaya ta bugo waya ta ce ta kare aikinta a gaban malamai, an karɓa, tana nan tafe kafin azumi. Ta ce a shafin godiya ta sa sunan Inna a sama da na kowa. Na tambaye ta ni fa. Ta ce in kwantar da hankalina, nawa ya fi na Inna girma, kowa ya shiga ɗakin sai ya gani. Ta turo hoto. Madam ce ta sa aka manna sabuwar takarda a jikin kowane akwati, jan rubutu, sama da Faransanci, ƙasa da Hausa: SHAFA, KADA KI WANKE.